Munduwar Kaka Tabawa

Tun da aka kafa dokar munduwa, ba mai shiga wurin shaƙatawa na Dausayin Tauraro sai ya kwana da ita a hannu, ta auna zuciyarsa, ta tsara masa yininsa.

Da safe Barira ta karanta wa kakarta Tabawa abin da aka tsara musu.

"Kaka, ni an ba ni lilon sama da kwalekwale. Ke kuwa benci a inuwa, awa biyu."

"Benci? Shekara saba'in da huɗu ina son ganin garin nan daga sama, sai a ce in je gadin takalma?"

Barira ta sake duba mundayen biyu. Tata munduwar ta nuna ranar da za ta sake zuwa. A ta Kaka babu komai a wurin.

Tabawa ta lura. Ta gyara ɗaurin zane, ta zuba gero a turmi, ta hau daka, tana cilla taɓarya sama tana tafi, har munduwar ta fara ƙara.

"Rubuta," ta ce wa munduwar tana haki. "Lilon sama, kujerar gaba. Ranar komawa kuwa, ba a hannunki take ba."