Telan da Ya Sare Inuwarsa

Tun da ka dage sai ka sayo injin nan mai samar da wuta da iska, zauna ka ji misali, in ka ga dama ka ɗauka.

Wani tela ne ya je suna garin surukansa, can kan tudu, inda iska ke cire wa mutum hula tun bai yi sallama ba. A bayan gidansu ya ga dogon ƙarfe a kafe, fukafukai uku suna juyi a kansa ba hutu, waya ta sauko zuwa batir, batir yana riƙe da firji da fanka. Aka ba shi ruwa, ya sha har haƙoransa suka amsa. Ya dawo gida, amma zuciyarsa tana can kan ƙarfen. Shi kuwa gidansa a kwari yake, cikin tsohuwar unguwa, benaye sun rufe shi gabas da yamma. Duk abin da ya mallaka na sanyi shi ne ɗurumin da mahaifinsa ya dasa a ƙofar gida. A gindinsa yake kafa keken ɗinki, a nan masu kawo aiki ke zama su jira, a nan dattawan unguwa ke shimfiɗa tabarma bayan azahar. Ya sayo injin cikin kwali, da ƙusoshinsa da wayoyinsa. Mai sayarwa ya rantse masa ko atishawar jariri ta isa ta juya shi, kuma ka san ɗan kasuwa, bakinsa ya fi kayansa ƙyalli. Aka ɗaura shi kan soro. Fukafukai suka tsaya cak, har kurciya ta mai da su wurin hutawa. Maƙwabcinsa in zai wuce sai ya ɗaga kai ya ce, "Malam tela, yau ma injin naka azumi yake yi?"

Dariyar mutane ta fi zafin rana cin sa. Ya shiga neman mai laifi, idonsa ya faɗa kan ɗurumi, ya ce shi ne ya tare iskar. Matarsa ta ce, "Maigida, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa shiƙar dawa a tsakar gida ba. Kai kake kai mini buhu bayan gari." Ya san gaskiya ta faɗa, don kafaɗarsa ba ta manta da nauyin buhun ba. Sai dai wanda aka yi wa dariya, gatari ya fi masa sauƙin ɗauka a kan ya ce na yi kuskure. Ya kira masu sara. Kafin la'asar itacen da ya girme shi yana kwance, akuyoyin unguwa suna rabon ganye. Iska ba ta zo ba, don dama ba a bayan ɗurumi take ɓoye ba. Rana ce ta zo, ta zauna daram. Kan keke ya riƙa yin zafi har ba ya taɓuwa. Masu kawo ɗinki suka koma wurin telan da ke da rumfa, dattawa suka naɗe tabarmarsu suka sauya wuri, ɗakin da a da ake yin barcin rana a ciki ya koma tanda. Daga baya ya samo reshen ɗurumi ya kafa kusa da kututturen, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Yana zuba masa ruwa kullum, ya kuma san jikansa ne zai sha inuwar, ba shi ba.

Injin ba shi da laifi, na surukan har yau yana juyi. Kai dai kafin ka saya, tambayi matan gidanku inda suke zuwa shiƙa. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman ƙiba, aka samo rama.