Hayaƙin Baƙo

Tun da aka yanka wa kowane gida rabon hayaƙin da zai iya fitarwa a wata, murhun lantarkin Lantana bai taɓa mutuwa ba, sai da aka kawo musu Baba Henrik, tsohon Bature daga ƙasar sanyi. Wai rana jikinsa ke so. Ya zo da akwati ɗaya da injin taimaka wa numfashi.

Ran sha biyu ga wata, tana cikin tuƙa tuwo, jar fitilar murhu ta kama, alamar rabonsu na wata ya ƙare, wutarsa ta ɗauke.

Ta leƙa ta katanga. "Maman Sadiya, naku fa?"

"Tun jiya. Mu tsohuwa aka kawo mana."

Ta iske mijinta a zaure. "Malam, takardar karɓar baƙon nan da ka sa wa hannu, ka karanta kuwa? Ba a rabonmu ake cire hayaƙinsa ba?"

"Haba Lantana, baƙo ake yi wa bincike?"

Rediyonsa na ta yabon ƙasar su Baba Henrik, wai ta rage hayaƙinta da rabi.

Ta koma ciki. Tsohon na kan tabarma, injinsa na gurnani. Ya dubi ɗanyen tuwon, ya kau da kai.

Shi kaɗai a gidan bai tambayi abin da ya faru ba.