Wayar da Suruki Ya Jawo

Zauna ka ji, tunda kai ma na ga ka fara rantse-rantse a kan abin da ba ka bincika ba. Akwai wani mutum da mahaifinsa, malami ne, ya rasu ya bar masa muryoyin karatunsa a cikin kwamfuta, kuma babu su a ko'ina sai nan. Surukinsa da suke katanga ɗaya yana da intanet a shagonsa, sai ya yi masa kara, ya jawo masa waya da hannunsa ta saman katanga, ya cusa ta ta ƙarƙashin ƙofa, ya soke a bayan kwamfutar. Tun daga ranar ba a sake zaman lafiya ba. Yana cikin aiki sai allon ya yi shuɗi, kwamfutar ta ɗauke ɗif. Ya kai ta wurin mai gyara, ta wuni tana aiki lafiya lau. Ya dawo da ita gida, ya soke waya, ta sake mutuwa. Mai gyaran ya ce masa ya zare wayar nan na yini ɗaya kawai a gani. Ai kuwa sai mutumin ya hau shi da faɗa, wai an zagi surukinsa. Yaya za a yi ya zare abin da dattijo ya hau tsani ya ɗaura masa? Kullum da safe surukin yana tambayarsa ko waya na aiki, shi kuma yana sunkuyar da kai yana cewa, "Lafiya lau, Baba." Wannan ƙaryar ita ta fi ba ni haushi, wallahi, don ya san ba lafiya ba.

Kunyar da ya kasa saukewa a gaban suruki sai ta koma fushi a kan kowa. Ya kira mai gyaran macuci, ya canza wani, ya sa aka sauya fanka, ya hana matarsa share ɗakin wai ƙura take tayarwa, har mari ya kai wa kwamfutar. Daga ƙarshe ya ɗauke ta a fusace ya kai wa mai gyara na uku, ya ce cuta ce ta shige ta, a goge komai. Wannan ya tambaye shi ko akwai abin da yake so a ajiye masa tukuna. Ko saurare bai yi ba, ya daka masa tsawa ya ce a goge. Aka goge. Ya kawo ta gida fes, ya soke wayar, ko shayinsa bai huce ba allon ya yi shuɗi. A nan ne ya tuna da karatun mahaifinsa, ya duba bai ga ko harafi ba. Da surukin ya ji kukansa ya leƙo, ya ji abin da ya faru, sai ya ce, "Haba, ai da ka faɗa mini. Tsohuwar waya ce, ɓera ya ci ta na ɗaure da salatif." Ya sa hannu ya zare ta, kwamfutar ta ci gaba da aiki, babu komai a cikinta.

Ka ga sakarcin da Hausawa ke nufi in sun ce an bar jaki ana dukan taiki.