Layi na Uku

Labule na ɗagawa Kambai ya hango mahaifinsa a layi na uku.

Wasan rana ne, ranar Asabar, a wani gidan opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, da ke unguwar Aldwych. Labarin Musa da Fir'auna ake rerawa, amma an mayar da shi na zamani: Fir'auna cikin kwat kamar manajan kamfanin mai, Isra'ilawa kuwa leburori masu mirgina ganguna. Kambai na cikin leburorin, kuma yana da baiti huɗu da zai rera shi kaɗai.

Shekara uku ke nan da mahaifin nasa, Malam Bernard, hedimasta a Zonkwa, ya raka shi filin jirgi don ya zo ya karanta injiniyan man fetur, lokacin da kowane gida ke son ɗa a matatar mai. Kambai ya yi shekara ɗaya ya watsar, ya bi waƙa. Duk wata yakan rubuta wasiƙa daga ɗakinsa na Plumstead, yana ba da labarin jarrabawar da bai zauna ba.

A kan dandamali, Kambai ya sunkuyar da kai. Ya koma bayan wata ganga, ya fito, ya sake komawa, har na kusa da shi ya zungure shi. Da ya saci kallo sai ya ga tsohon ko takardar shirin wasan bai buɗe ba, leɓunansa kawai ke motsi. Addu'a yake yi ko baki yake masa? Wa ma ya kawo shi? Wasiƙar tsohon ta ƙarshe ta ce sai Kirsimeti zai zo kwas ɗin malamai.

Da baitinsa ya zo, Kambai ya juya wa 'yan kallo baya, ya rera wa bango.

Ana tashi ya cire kayan wasa ya nufi ƙofar baya, yana tunanin wane jirgin ƙarƙashin ƙasa zai fi nisanta shi da wurin. Tsohuwar Baturiyar da ke gadin ƙofar ta tare shi, ta ce mutumin nan mai hula yana jira a waje, kuma ransa a ɓace yake.

"Wane mutum?" in ji Kambai.

"Babanka mana. Sau biyar yana zama can sama inda ba a ganin fuska, yau da ya samu kujerar gaba don ya gan ka sosai, sai ka juya masa baya."