Sharhin Zaki

Ƙarfe bakwai na safe take sakin bidiyo. Bakwai da minti biyu, Zaki ya yi sharhi.

Wata takwas ke nan da matar Direba ta ajiye aiki a shagon da ta shekara shida tana yi wa wani ɗinki. Ta kwashe tarkacen ɗakin ajiya, ta kafa kekenta kusa da taga, ta ɗaure waya a jikin sanda. Nan take koya wa mata yanka, da fitar da wuya, da sa zif ba tare da ya tattare ba. Fuskarta da hannuwanta kaɗai ake gani.

Direba ya yarda, amma irin yardar da ake yi da haƙora a datse. Uwarsa kuwa, Inna, ko wannan ba ta yi ba.

"Mace da hankalinta ta zauna tana yi wa waya murmushi," in ji ta. "Allah ya shirya."

Ɗakin Inna na jikin ɗakin ɗinkin. Tun da aka fara abin take sakin labule da safe, ba a ganinta sai hantsi. Ta sa an ja mata wuta har bakin gado, wai saboda rediyo. Ta je kasuwa ita kaɗai ta canjo tabarau.

Watannin farko masu kallo ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Amma kullum akwai Zaki. Ba suna, ba fuska, sai hoton zaki ya hangame baki. Rubutunsa gajere ne, a karkace. "Aiki ya yi kyau." "Allah ya yi albarka."

Matar ta taɓa faɗa a tsakar gida cewa sharhin da ya zo da wuri shi ke taimaka wa bidiyo ya tashi. Direba ya ce zai riƙa yi. Sau uku ya gwada, sau uku aka riga shi.

Mabiya suka ƙaru. Wani kamfanin zare ya aiko yana son ta yi masa talla, abin da ta bar shago dominsa ke nan. Direba bai yi murna ba. A tasha, kafin motarsa ta cika, ba abin da yake karantawa sai sharhin Zaki. Abokan aiki suka gano.

"Direba, yau ma na dajin ya riga ka?"

Ya yi dariya da baki kawai.

Sai rubutun ya fara sauya launi. "Mayafin jiya ya fi miki kyau." "Kin rame, ki riƙa cin abinci." Ranar Talata kuma: "Ƙafarki ta kumbura, ki ɗora ta a matashi."

Direba ya kalli bidiyon sau biyar. Ba inda ƙafa ta fito.

Daga ranar ya fara dawowa gida ba zato. Ya tsare mai kawo yadi da ido. Ya daina amsa sallamar maƙwabcinsa mai gyaran fanka. Bai lura matarsa ta daina shan shayi ba, bai kuma lura Inna ta ƙwace wanki daga hannunta ba, wai ba ta iya cuɗa ba.

Ranar Asabar yana zaune a mota, fasinja biyu ya rage, ya buɗe waya.

"Ki rage taka keke. Yanzu ba ke kaɗai ba ce."

Ya miƙa wa wani makullin motar, ya kama hanyar gida a ƙasa.

Ya same ta tana jera zaren kamfanin a kan tebur.

"Ciki gare ki?"

Zare ɗaya ya suɓuce mata, ya gangara ƙarƙashin keke. "Maigida, jira nake in tabbatar. Wallahi ban gaya wa kowa ba."

"Ban da Zaki."

"Ban san shi ba! Sau nawa zan rantse?"

"To, zaɓi. Ko ki goge shafin nan yanzu ina kallo, ko ki haɗa kayanki ki bi shi dajin."

Ta zauna a kan kujerar ɗinki, ta riƙe waya da hannu biyu. Aikin wata takwas ne a shafin, da bidiyo ɗari da wani abu, da matan da ke ce mata malama. Ta kai yatsa kan allon.

"Tsaya," ya ce. "Sai na ji muryarsa tukuna."

Ya rubuta a ƙarƙashin sharhin, inda duniya za ta gani: "Ni ne mijinta. In kai namiji ne, sa lambarka."

Minti biyar. Minti goma. Gidan ya yi tsit, ko rediyon Inna ba a ji. Sai ga lamba ta fito, a rarrabe, kamar wanda ya daɗe yana laluben kowane maɓalli.

Direba ya danna, ya buɗe murya don ita ma ta ji, ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar ɗaki.

Ƙarar ba daga wayarsa kaɗai ta fito ba. Bayan bango ma wata waya ta ɗau ƙara. Aka bari ta yi sau uku, sannan murya ɗaya ta zo masa ta waya da ta bayan labule a lokaci guda.

"To, ga namijin," in ji Inna. "Ka bar mini yarinya ta yi aikinta, sakarai, ka zo ka gyara mini hoton nan, tun ranar da mai waya ya sa mini shi nake jin haushinsa."