Sauran Alhaji

Allurar sikelin da Alhaji ya hau ta tsaya. Likita ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, ina sauran mijinki?"

Tun ranar da ya gaya mata cewa ciwon dajin da ke tumbin Alhaji mayen sukari ne, yana zuƙe sukarin fiye da yadda lafiyayyen nama ke yi, ta ƙudura da yunwa za ta kashe ciwon. Ta dasa kujera a ƙofar ɗaki. Lokacin yajin gari ne, kasuwar New Bell a rufe, amma 'yan dubiya ba su fasa ba: wannan da kunun gyaɗa, wancan da fanke, wata da gwangwanin madarar da ta hana 'ya'yanta. Duk Hajiya ta tare. Alhaji sai romo da zogale.

"Docteur, ko ƙwayar sukari bai lasa ba," ta ce da alfahari.

Likita ya dafe kai. "Mais non! A'a, Hajiya! Ciwon nan ba ya azumi. In bai samu a kwano ba, naman mai gidan yake ci. Da wane ƙarfi zai ɗauki magani? A ba shi ya ci!"

Alhaji ya buɗe baki da ƙyar. "To, kayan dubiyar fa, ina suka shiga?"

"Haba Alhaji, a mayar wa mutum kyautarsa? Ko a zubar da abinci a wannan marra?"

Alhaji ya sauko daga sikelin a hankali. Ya dubi zanenta da ya daina zagayowa, ya matsa gefe.

"Bismillah, Hajiya, hau. Likita na neman saurana."