Mai Ginin Tukwane da Wan Mijinta

Matso kusa, 'yar nan. Tunda kin ce nauyin zuwa asibiti kike ji, bari in ba ki misalin wata mata mai ginin tukwane, sai ki auna da kanki.

Matar nan ta shekara shida a ɗakin mijinta, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ga jiki kullum a mace. Ana tsakiyar bazara ita tana neman inda rana take, gashinta yana bin mataji, fatarta ta bushe kamar bayan tulu. In ta zauna cuɗa yumɓu sai gyangyaɗi ya ɗauke ta da hannu cikin laka. Matan unguwa suka ce ragwanci ne. Da abin ya ishi mijin, ya kai ta babban asibiti a birni. Aka ɗebi jininta, likita ya ce akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, daidai inda maƙoƙo ke fitowa, ita ke hura wutar jiki. Tata ta yi sanyi, shi ya sa komai nata ke jan ƙafa, har da haihuwa. Ya ba ta wata ƙwaya 'yar mitsitsiya, ta sha kowace safiya da ruwa zalla, tun kafin koko. Sannan ya ja mata kunne: duk ranar da ta ga wata ya wuce ta, kada ta jira, ta je a sake auna jinin a ƙara mata maganin, don a watannin farko ɗan da ke ciki da wutar uwarsa yake jin ɗumi. Wannan kam ta gane, don ta san itacen da ke gasa tukunya goma ba ya gasa ashirin.

Ta riƙe maganin, jiki ya dawo, har Allah Ya kawo rabo. Mijin bai daɗe da tafiya cin rani ba ta ga wata ya wuce. To, ƙaramin asibitin garinsu, inda ake ɗibar jini a aika birni, wan mijinta ne ke riƙe da shi. Mutum ne da ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kai loma baki a gabansa ba, in ya yi sallama a zaure ita sai ƙuryar ɗaki. Ga shi kuma cikin fari, wanda ko uwar da ta haife ki sai dai ta gani da idonta. Ran farko ta je har bakin ƙofa, ta hango babur ɗinsa a gindin darbejiya, ta juya. Ran na biyu ta ɗauki sabuwar randa a ka don ta sami abin fakewa. Ta shiga, ta durƙusa, ya ce, "Lafiya dai, ƙanwata?" Ta ce randa ta kawo a riƙa zuba wa marasa lafiya ruwa. Ya sa mata albarka, ta fito tana haɗa gumi.

Haka ta ci gaba da shan maganin yadda yake tun farko, tana ce wa kanta gobe za ta koma. Sanyin jikin ya dawo, gyangyaɗin ya dawo. A wata na uku, ranar da suke gasa tukwane a bayan gari, ta sunkuya za ta ƙara kara a wuta, sai matar da ke bayanta ta ga jini a zanenta. A amalanke aka tura ta ta tsakiyar gari, rana tsaka, kowa na kallo. Ungozomar asibitin kuwa ta tafi wani ƙauye ran nan. Mutumin da ta kasa gaya wa kalma uku, shi ya tsaya a kanta har jinin ya tsaya, shi ya tambaye ta ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, a gaban matan da suka kawo ta. Ta juya fuska bango ta faɗa. Ya ƙirga da yatsu, sannan ya ce, "Ashe ran nan ba randa ce ta kawo ki ba."

Ba wanda zai rantse cewa rashin ƙarin maganin ne ya zubar da cikin, ɓari yana da ƙofofi da yawa, kuma komai da ikon Allah. Amma ita ta san abin da aka ce ta yi ba ta yi ba, wannan ya fi bakin mutane ci mata rai.

Bayan shekara wata ya sake wuce ta. A makon ta je, hannu sake. Ta ja gyale ta rufe fuska, ta kafa ido a ƙasa, ta ce, "Yaya, wata ya wuce." Shi ma bai ɗaga kai ba, ya jawo takarda ya rubuta. Aka auna jinin, aka ƙara maganin, duk wata tana komawa, duk zuwa da kunyarsa, har ta sauka lafiya ta sami 'ya mace.

Kunya ado ce, 'yar nan, da ita aka raine mu, ban ce ki yar da ita ba. Amma ki san inda ake tuɓe ta a rataye. Tashi ki ɗauko mayafinki. Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.